Shuka uku na yi bara, bana in yi binne ko in jira ruwa ya zauna?

Ɗan Gumel:

Slm jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah manoman da ke zauren nan shawara nake nema, a yi haƙuri da tsawon rubutu don abin ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya.

Gonarmu tana wani ƙauye ne tsakanin Gumel da Maigatari, jigawa ce yashi zalla, ta gado, tun da Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa shekara 4 ke nan ni ke riƙe da gandun ni da ƙannena biyu. Lokacin Baba na da rai da idona nakan ƙirga dami 70 wani lokacin har 80 na gero a gonar nan, ban da waken da ake zubawa a tsakani da ɗan riɗi a gefe. Bara dami 26 muka ɗaure. Wlh 26. Kafin azumi rumbu ya zama ɗakin ɓera, muka koma awo a kasuwa kamar waɗanda ba su taɓa riƙe fartanya ba.

Ga yadda abin ya faru. Ƙarshen watan Mayu aka yi ruwa mai kyau da daddare, washegari duk gari aka fita da sungumi har da yara, gero ya tsiro gwanin sha'awa, sai sama ta ɗauke kwana 19 ko ɗigo, kullum la'asar hadari ya haɗo baƙi ƙirin mu ce yau dai sai ruwa sai iska ta taso da yashi ta watsa shi, wani tsiron ta binne shi wani ta yanke shi kamar da reza. Muka sake shuka, ita ma rabi ta ƙone. Ta uku sai cikin Yuli, lokacin irinmu na gida ya ƙare, na sayi wani a kasuwa mai shi har da rantsuwa wai ɗan kwana 70 ne ashe ƙarya yake shara min. Agusta kuma aka dinga ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya kwashe takin da na ci bashi na zuba ya kai wa kwari. Tsakiyar Satumba ruwa ya ɗauke cak, geron yana cikin bununi ko ido bai gama ba.

To yanzu ga bazara ta kama, zafi kamar a gasa mutum. Mutanen garinmu wasu har sun fara binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa tun kafin ruwa ya sauka, ni kuma tsoro nake ji. In yi binnen ne ko in jira? Kuma wannan sauyin yanayi da ake ta faɗa a rediyo da gaske shi ne ke mana haka ko ƙasar ce kawai ta mutu? Ƙanena ma cewa yake mu sayar da gonar a sayi adaidaita sahu ya tafi Kano da ita, ni dai na ce masa ya dakata in ji ta bakin manya tukuna.

Baba Mai Sungumi, Ɓaɓura:

Wa alaikumus salam ɗana. Jikana ne ke danna wayar ni ina faɗa masa, in ka ga kuskure nasa ne.

Da farko Allah ya jiƙan mahaifinka. Na biyu kar ka sayar da gona, ka faɗa wa ƙanen naka in ji ni. Inji yana tsufa ya zama ƙarfen jari bola, ƙasa ba ta tsufa, gajiya take yi a ciyar da ita ta tashi.

Ni na ga farin 1973 da wayona, na ga na 1984 ina da iyali. A 1973 shanu sun mutu a kan hanya har ungulu ta ƙoshi, mutanen Nijar suka dinga gangarowa ta nan wajenmu da 'ya'yansu, mun ci abin da ban so in faɗa. Shekara 2 bayan nan kuma cuta ta faɗa wa gyaɗa ta gama da ita, daga nan dalar gyaɗar Kano ba ta sake tashi ba. To ba yau aka fara wahala ba. Amma bambancin da nake gani shi ne, wancan fari ne ka san fari ne, ruwan babu shi. Na yanzu ruwan yana nan, wata shekarar ma ya fi na da yawa, alƙawari ne ba shi da shi. Ya zo maka ran da ba ka shirya ba, ya tafi ran da ka fi bukatarsa, in ya tashi zuwa kuma na wata guda ya juye maka a dare ɗaya.

Da muna da lissafi. Watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. Shamuwa ta dawo kan kuka, gawo ya zubar da ganye, tsamiya ta yi toho, iska ta juyo daga kudu maso yamma, ka san an kusa. Yanzu duk alamun sai su cika ruwan ya ƙi zama, ita kanta shamuwar ina jin ruɗewa take yi.

Maganar binne. Mu ma mun yi, kuma ba wauta ba ce, wanda binnensa ya kama ya riga kowa cin tumu kuma geron farkon ruwa ƙarfinsa daban ne. Amma caca ce. In ruwan farko mai yawa ne ka ci, in yayyafi ne wanda zai jiƙa ƙwayar ta tsage sannan rana ta buɗe, ka yi asarar iri. Ni abin da nake yi shekarun nan, gonar nake rabawa uku. Kashi ɗaya wajen da ya fi kwari da inuwar gawo in yi masa binne da irin da ba zan yi kuka ba in ya tafi. Sauran sai an yi ruwa na tona da hannuna na ga lema ta kai taƙi guda ko fiye, in ba ta kai ba ko duk gari sun fita ni ina zaune a gindin darbejiya, su yi ta min dariya. Kuma iri ban taɓa fitar da shi duka ba, na shuka uku nake ajiyewa tun daga kaka, a zangarniyarsa, a rataye inda hayaƙi ke samunsa. Kuskurenka na bara ba shukar farko ba ce ɗana, irin da ya ƙare maka ne har ka faɗa hannun ɗan kasuwa.

Sannan in faɗa maka wadda ba za ka ji daɗi ba. Ba sama kaɗai ta canza ba mu ma mun canza. Gonar da mahaifinka ke samun dami 80, tambayi tsofaffin garinku gawo nawa ne a cikinta a da, nawa ne yanzu. Da bayan girbi Fulani kan sauka a gona su kwana da shanunsu wata guda a ba su dami su bar maka taki, yanzu tsakaninmu da su sai harara. Da kara a gona ake barin wani, yanzu har tushiya ake tonewa a kai murhu, ƙasa ta kwana tsirara tun daga kaka har bazara iska na ɗibar ta. Da ana hutar da gona, yanzu gonar mutum ɗaya magada 9 sun raba wa zai huta. Ƙasar da ba taki a cikinta ba ta riƙe ruwa, kwana 5 ba ruwa sai gero ya fara murɗe ganye.

Abban Sadik:

Ni fa wannan maganar sauyin yanayi ban cika yarda da ita ba gsky, Turawa ne suka ƙirƙiro abinsu don su ci kuɗi. Ruwa na Allah ne, in ya ga dama ya bayar in ya ga dama ya hana. Mu gyara halinmu, a fitar da zakka, a daina tauye mudu, a fita roƙon ruwa shi ke nan. Ga Baba ma ya faɗa an yi fari a 1973, lokacin motoci nawa ne a ƙasar?

Malamin Gona Mai Ritaya, Ɗambatta:

Abban Sadik ba wanda ya ce ruwa ba na Allah ba ne, roƙon ruwa kuwa da ni ake fita sahun gaba. Amma zazzaɓi ma Allah ke kawowa, bai hana ka rataya gidan sauro ba. Kuma motocin Ɗambatta ba su ne ake magana ba, hayaƙin masana'antun Turai da Amurka da yanzu Chaina ne da ya taru a sama sama da shekara 100, iska kuwa ba ta san boda ba.

Baba Mai Sungumi Allah ya ƙara girma, abin da ka faɗa da ido shi ne masu awo suka gani da na'ura. Ruwan yankinmu ya yi ƙasa sosai a shekarun 1970 da 1980, daga 1990 ya fara dawowa, amma bai dawo yadda ya tafi ba. Akwai binciken da aka wallafa a 2017 da aka duba hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, aka ga manya-manyan hadarin nan masu zubar da ruwa kamar hauka sun ninka sau 3 a yankin Sahel daga 1982. Masu binciken sun danganta abin da ƙaruwar zafin Sahara, ga shi kuma iska in ta ƙara zafi da maki 1 tana iya ɗaukar ƙarin tururin ruwa kamar kashi 7 cikin 100, sai ta daɗe tana tarawa sannan ta juye gaba ɗaya. Shi ya sa in ka haɗa ruwan shekara a takarda sai ka ga ba laifi, amma rumbu ya ce maka ƙarya ne. Gero ba jimilla yake sha ba, na kowane mako yake sha.

Ɗan Gumel ɗan'uwa, abin da ya kashe maka shukar farko ba ƙishi kaɗai ba ne. Yashin jigawa da tsakar rana a watan Mayu da Yuni zafinsa kan wuce maki 50, kai kanka ba ka iya taka shi ba takalmi, to ina ga tsiron kwana 6. Shi ya sa inda aka bar kara a kwance ko ƙarƙashin bishiya za ka ga shuka ta rayu ta gefenta ta mutu.

A aikinmu ba ma cewa damina ta zauna don an yi ruwa ɗaya. Sai an samu kamar milimita 20 zuwa 25 cikin kwana biyu uku, kuma ba a yi tsammanin dogon ɗaukewa a bayansa ba. A wajenku can arewacin Jigawa ruwan Mayu yawanci na yaudara ne, zaman damina sai an shiga Yuni sosai wani lokacin ma ƙarshensa. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa NiMet tana fitar da hasashen damina duk farkon shekara, da lokacin farawa da na ɗaukewa da inda ake tsoron tsayawar ruwa a tsakiya, har na ƙananan hukumomi, ana karantawa da Hausa a rediyo, ka nema ka ji na Gumel. Hasashe ne ba wahayi ba, amma ya fi bin maƙwabci.

Sai iri, nan ne nake so ka buɗe kunne. Tunda damina ta gajarce ta kai da ta ƙafa, irin da ke son wata 4 ya zama haɗari. Akwai gero SOSAT da Super SOSAT da cibiyar binciken Tafkin Chadi ta Maiduguri ta fitar, wajen wata 3 ya nuna, zangarniyarsa gajera ce mai kauri a cike. Gyaɗa akwai SAMNUT 24 ta cibiyar binciken noma ta Samaru Zariya mai saurin nuna. Wake ma akwai 'yan kwana 60 zuwa 75 da cibiyar binciken noma ta IITA da ta Samaru suka fitar, wasunsu ƙuduji ba ya cin su. Amma kar wani ya ruɗe ka ya ce ba su da aibu. In kai kaɗai ka shuka mai saurin nuna a unguwarku, gonarka ce za ta zama wajen walimar tsuntsaye. In ka yi masa binne a Mayu kuma ya kama, zai nuna a tsakiyar marka ya yi ta shan ruwa ya yi baƙi. Ga shi gero iska ke ɗaukar bununinsa, yana gauraya da na maƙwabta, bayan shekara 3 sai ka sake sabo. Don haka ni a ganina in za ka yi binne yi da na gida mai daɗewa, ɗan zamanin ka ajiye shi sai ruwa ya zauna, ko shukar ta kai farkon Yuli zai riski kaka. Kuma ka saya a rufaffiyar leda mai tambari wajen dila da aka sani, ko ka bi ta ofishin hukumar aikin gona ta Jigawa JARDA na yankinku su nuna maka, ba a tiya a bakin kasuwa ba.

Taki kuma dan Allah a daina watsa shi kamar ana ba kaji dawa. Buhu ya yi tsadar da ba a watsa shi. Cikin murfin kwalbar lemo guda na NPK a kowane rami, a ɗan gefe kada ya taɓa ƙwayar, a rufe da ƙasa, wannan dabarar cibiyar binciken noma ta ICRISAT ta gwada ta shekara da shekaru a Nijar da Mali da Burkina Faso kuma ga ofishinsu nan a Kano. Yuriya kuwa sai bayan noman firi, ƙasa da lema, a binne ta. Wanda ya zuba yuriya a busasshiyar ƙasa ko ana gab da ruwan Agusta ya yi wa iska da kwari sadaka.

Wata ƙaramar dabara, ran da za ka yi shuka a jiƙaƙƙiyar ƙasa ka jiƙa irin geron awa 8 da daddare, ka shanya shi a inuwa ya sha iska ka shuka da safe, yana riga wanda ba a jiƙa ba fitowa. Ban da binne fa! Kar ka jiƙa ka sa a busasshiyar ƙasa ka zo ka ce ni na ce.

Maganar gawo da Baba ya kawo, ku da kuke bakin iyaka ku leƙa Nijar mana. Yankin Maraɗi da Damagaram tun shekarun 1980 suka fara abin da suke kira sassaben zamani, ba dashe ba ne, in ana sassabe sai a bar tohon da ke fitowa daga tsohon kututture a zaɓi biyu uku masu ƙarfi a aske sauran. Da wannan kaɗai an kiyasta sun dawo da bishiya kusan miliyan 200 a fili hekta miliyan 5. Ko sisi ba a kashewa. Mu nan kuwa duk shekara a yi bikin dashen bishiya a ɗau hoto, kafin wata biyu awaki sun gama da su.

Maman Khalifa, Auyo:

Hmm ku na tudu kuna kukan ruwa bai zo ba mu na bakin kogi muna kukan ya zo. Sannu Ɗan Gumel Allah ya mayar da alheri.

Ni shinkafa nake yi ni da maigidana, ina da 'yar gonata daban da na gada wajen mahaifiyata. Ambaliyar 2022 ba zan manta ta ba har in mutu, shinkafa ta yi ciki ta fara fid da kai muna ta lissafin buhu, cikin kwana biyu gonar ta zama kogi sai da kwalekwale ake wucewa ta kanta, ko ƙwaya ba mu ɗauka ba, ɗakunan ƙasa suka dinga zubewa muka kwashe yara muka koma makarantar firamare kusan wata guda. Kuma ba mu kaɗai ba, Ringim, Miga, Kafin Hausa, Kaugama, Malam Madori, Guri, Kiri Kasamma duk haka, ga 2020 ma mun sha, 2024 ma ya taɓa mu. Abin da da sai a yi shekaru ba a gani ba yanzu ya zama kamar haraji.

Kuma mu matsalarmu biyu ce, ga ruwan sama da ya ƙaru ga kachala. Ciyawar nan ta toshe hanyoyin ruwa ta cika su da laka, kogin Haɗeja in ya kawo bai da wajen wucewa sai ya fasa ya shigo gonaki da gari. Iyayenmu sun ce da can kogin yakan ja baya da rani ya bushe ciyawar ta mutu, tun da aka yi dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 ruwa ba ya yankewa duk shekara, ita kuma abin da take so ke nan. A cikinta tsuntsayen jan baki ke kwana su hayayyafa, in sun taso kamar hadari, yara tun asuba suna gona da gwangwani suna ihu makaranta ma sai an gama girbi.

Da yawanmu yanzu damina mun mayar da ita ta gwaji, noman rani shi ne noman. To shi ma da aka cire tallafin fetur a 2023 lita ta tashi daga ƙasa da 200 ta haura 500 daga baya har ta wuce 1000, injin ban ruwa ya zama kishiya wlh, kullum sai ka ba shi kafin ka ba 'ya'yanka. Mu sai da muka yi adashi mu 6 mata muka haɗa sola ɗaya muke karɓa-karɓa, ranar girkinka ranar ban ruwanka haha. Alkama kuma in ba ka shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba ba ka makara, don sanyi take so, kuma hunturun yanzu ba ya daɗewa, Fabrairu na ƙarewa zafi ya sauko ƙwayar ta motse. Ambaliya kuwa ba ta janyewa da wuri bare ka gyara fili a kan lokaci, ka ga ɗaya ta ja ɗaya.

Malam dan Allah ni ma tambaya, an ce akwai irin shinkafar da ruwa ke shanyewa ba ta mutu ba, gaskiya ne ko zancen guruf ne? Mu FARO 44 muka sani.

Abban Sadik:

Hajiya ai ambaliyar 2022 Kamaru ce ta sako mana dam ɗinta, kowa ya sani, ba wani sauyin yanayi.

Malamin Gona Mai Ritaya, Ɗambatta:

Haba Abban Sadik, dam ɗin Lagdo na Kamaru a kan kogin Binuwai yake, ruwansa Yola da Makurɗi da Lokoja yake bi ya gangara kudu, ta ina zai hau tudu ya zo Auyo? Ruwan Haɗeja daga kogin Kano da Challawa yake, ya wuce Wudil da Ringim ya nufi Nguru da Gashuwa har Tafkin Chadi. Namu ne na gida.

Hajiya gaskiya ne. FARO 66 da FARO 67, an fitar da su a 2017, suna iya jure nutsewa kamar mako 2 ruwa ya janye su miƙe. Amma a gane, wannan tun tana ganye ne kafin ta yi ciki, kuma mako 2 ne ba wata guda ba. Irin ruwan da kika ce an bi ta kan gonar da kwalekwale tana fid da kai, babu irin da zai tsira. Wanda ya fi muku shi ne ku yi reno da wuri da injin ko solar taku tun kafin damina ta zauna, ku dasa da wuri, ku girbe kafin kogi ya kawo a ƙarshen Agusta da Satumba. Ku dinga sauraron hasashen ambaliya na hukumar lura da ruwan koguna NIHSA ma duk shekara.

Ɗalibi Daga Kazaure:

Iyayena ku yi haƙuri in ɗan sa baki, ni ɗalibi ne amma da kuɗin riɗi ake biya min makaranta don haka abin ya shafe ni.

Abin da ke ƙona min rai shi ne Afirka gaba ɗayanta hayaƙin da take fitarwa bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba, amma ƙaramin manomi irin yaya Ɗan Gumel da ko injin niƙa bai da shi shi ke biyan bashin. Kuma ba mu kaɗai ba ne, a 2022 ɗin da Hajiya ke magana mutum sama da 600 suka rasu a Najeriya, a Pakistan a shekarar sama da 1,700, mutum miliyan 33 abin ya shafa. A Afrilun 2024 garin Kayes na Mali zafi ya kai maki 48.5, shekarar ce ma mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi, a Satumbarta dam ɗin Alau ya ɓalle ya shanye Maiduguri.

Manomin Amurka in fari ya cinye masa masara inshora ce za ta biya shi ya sake shiri. Namu in shuka ta ƙone akuyar matarsa zai sayar, in ta sake ƙonewa ya ci bashin buhu a biya biyu da kaka, in abin ya ƙi ya tafi ci-rani Legas ko Abuja ya bar gonar ba mai nome ta a kan lokaci, baɗi amfanin ya ƙara raguwa. Ruwan mako 3 ne ya ɓace amma sai ya ci gida shekara 3. A taron sauyin yanayi na Kofanhegan na 2009 manyan ƙasashe suka yi wa ƙasashe masu tasowa alƙawarin dala biliyan 100 duk shekara, a Masar a 2022 aka amince da asusun biyan asara, a Baku a 2024 aka ce biliyan 300. Ni dai a ƙauyenmu ban ga wanda ya ce ga abin da ya iso hannunsa ba. Abban Sadik nan kam na ɗan yarda da kai, akwai masu cin kuɗi da sunan abin, amma wannan bai sa zafin ya zama ƙarya ba.

Ɗan Gumel:

Kai jama'a na gode wlh, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, na karanta wa ƙanena maganar jari bola ya yi dariya ya ce to a ba gonar damina ɗaya ya gani.

Jiya da yamma na je na zagaya gonar na ƙirga, gawo 2 ne suka rage, na tambayi kawunmu ya ce shi ya san 14 a ciki, wasu ma mahaifinmu da kansa ya sayar wa masu itace shekarar da aka yi auren yayarmu. Na ga toho a kututture wajen guda 10 ta gefen gabas waɗanda duk shekara ni da kaina nake sassabewa in ƙone, bana na ce kar wanda ya taɓa su. Binnen zan yi a kwarin nan na kusa da gawon kawai da irin gida da kawu ya ba ni tiya 2, sauran in jira, ran Alhamis in na je Maigatari zan sayar da tunkiya ɗaya in nemi SOSAT ɗin.

Malam saura abu ɗaya, waken ɗan kwana 60 ɗin tare da geron zan zuba shi ko sai bayan noman firi? Kuma layi nawa na gero nawa na wake?

Malamin Gona Mai Ritaya, Ɗambatta:

Ba tare ba, bari geron ya yi mako 2 zuwa 3 ka gama firi tukuna. Ka gwada kunya 2 gero kunya 4 wake ko da a ɓangare ɗaya ne ka kwatanta da yadda kuka saba, waken zai samu rana kuma feshi zai yi maka sauƙi, baɗi sai ka juya inda wake ya zauna ka sa gero. Feshin kuma kar ka wuce lokacin fure, nan tsutsa ke shiga.

Baba Mai Sungumi, Ɓaɓura:

Tunkiyar in tana da ciki kar ka sayar, nemi rago ko tsohuwar akuya. Kuma tohon nan ka kewaye su da ƙaya tun yanzu kafin awakin gari su riga ka.